Noman Shitake a Gida: Yadda Ake Renonsa da Abin da Ke Sa Ya Tsiro

Shitake wani nau'in naman kaza ne, wato abin da wasu ke kira laimar kwaɗi, amma irin wanda ake nomawa a ci, a kuma sayar. Asalinsa ƙasashen gabashin Asiya ne, musamman Sin da Japan da Koriya, inda yake tsirowa a jikin matattun itatuwan daji masu tauri. Sunan daga harshen Japan ya fito: "shii" sunan wata bishiya ce, "take" kuwa naman kaza. Hularsa ruwan ƙasa ce, ƙarƙashinta fari, yana da ƙamshi mai ƙarfi, kuma idan ya bushe yakan yi watanni bai lalace ba. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa ke sha'awarsa.

Da yawa daga cikin masu gwada nomansa sukan tsaya a wuri guda. Sun sayi iri, sun zuba, leda ta yi fari fat, sai a yi ta jira har wata da watanni ba a ga ko ɗaya ya fito ba. Dalili shi ne shitake yana da rayuwa iri biyu, kuma kowacce da yanayin da take so. Akwai lokacin reno, wanda ke son ɗumi kaɗan da natsuwa. Akwai lokacin tsiro, wanda ba ya zuwa sai abin ya nuna sosai, sannan aka girgiza shi da sanyi da ruwa. Wanda ya gane wannan bambanci ya gane rabin sana'ar.

Abin da ke cikin leda

Naman kazan da muke gani kamar 'ya'yan itace ne. Ainihin jikin halittar wasu fararen zaruruwa ne sirara, masu kama da yanar gizo-gizo, waɗanda ke ratsa cikin katako suna cin sa a hankali. A wannan takarda za mu kira su farar saƙa. Muddin akwai abinci kuma yanayi bai sauya ba, farar saƙa ba ta da dalilin fitar da 'ya'ya, sai dai ta ci gaba da yaɗuwa tana tara ƙarfi. A dazukan Japan da Sin, shitake yakan fito ne lokacin da zafin shekara ya wuce aka samu ruwan sama mai sanyi, ko lokacin da tsananin sanyi ya fara sassautawa. Aikin manomi shi ne ya kwaikwayi wannan sauyi a cikin gidansa.

Mutanen Sin sun daɗe da sanin haka. A ruwayar mutanen Qingyuan, a lardin Zhejiang, wani mutum mai suna Wu Sangong, wanda ya rayu kimanin shekara 800 da suka wuce, shi ne ya fara sassare gungumen itace don shitake ya kama, kuma shi ne ya lura cewa idan aka bubbuga gungumen da ya ƙi tsiro, bayan 'yan kwanaki sai ya cika da naman kaza. A Japan kuma, a farkon shekarun 1940, wani masani mai suna Kisaku Mori ya ƙirƙiro ƙananan turakun katako masu ɗauke da iri, waɗanda ake cusawa cikin gungume. Daga baya manoman lardin Fujian na Sin suka yaɗa hanyar noma a cikin leda mai garin katako, kuma a yau ƙasar Sin ce ke noma mafi yawan shitaken duniya.

Zafi da sanyi: lissafin da ya shafe mu

Kafin kowa ya kashe kuɗinsa, ya kamata ya san wannan lissafi. Farar saƙa ta fi yaɗuwa a wajen digiri 22 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafi ya haura 32 takan raunana, idan kuma ya daɗe sama da 35 tana iya mutuwa. Tsiro kuwa ya fi son digiri 10 zuwa 20, ko da yake akwai nau'o'in iri masu jure ɗumi da ke tsirowa a wajen 25.

Wannan yana nufin cewa a garuruwa irin su Maraɗi, Damagaram, Katsina, Sakkwato da Kano, bazara ba lokacin shitake ba ce ko kaɗan, domin daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai 40 har ya wuce. Damar da muke da ita ita ce hunturu, a watannin Disamba da Janairu, lokacin da dare kan yi sanyi ƙasa da digiri 15. Tun da reno yana cin wata uku ko fiye, sai a zuba iri a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, lokacin da damina ta sanyaya gari, a lallaɓa ledojin su tsallake zafin kaka na watan Oktoba, sannan a tayar da su da shigowar ɗari. Matsalar hunturu ita ce bushewar iska, kuma za mu zo kan maganinta.

Mazauna tuddai kamar Jos da Mambila da yankin Bamenda a Kamaru sun fi kowa sa'a, domin garuruwansu ba su cika zafi ba. Wanda kuma bai taɓa noman naman kaza ba, kuma yana zaune a wuri mai zafi, zai fi masa sauƙi ya fara koyo da nau'in da ake kira oyista, wanda ya fi jure ɗumi, yana kuma tsirowa cikin wata guda ko ɗan fiye. Idan hannu ya faɗa, sai a koma kan shitake.

Iri da kayan aiki

Irin shitake ba kamar irin gero ba ne da za a ajiye a rumbu. Farar saƙa ce mai rai, wadda aka rena a kan hatsi ko garin katako a cikin kwalba ko leda. A nemi iri daga masu sana'ar da aka sani ko sashen aikin gona na jami'a, a kuma tambayi mai sayarwa tambayoyi biyu: yaushe aka haɗa shi, kuma nau'in mai jure ɗumi ne ko mai son tsananin sanyi? Iri mai kyau fari ne, yana ƙamshin naman kaza. Idan an ga tabon kore ko baƙi, ko aka ji tsami, kada a saya. Masu ɗauko shi daga nesa, ta Jibiya ko Illela ko Maigatari, su sani cewa yini guda a but ɗin mota cikin rana ya isa ya kashe shi. A sa shi a kula, a ajiye a inuwa, a yi amfani da shi da wuri.

Abincin shitake garin katako ne na itace mai tauri. A guji garin filawud, da na katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, domin gubar tana iya shiga abin da za a ci. A guji na dogon yaro, wanda ake kira bedi ko darbejiya, domin yana hana irin waɗannan halittu girma. Ana haɗa kashi 80 na garin katako da kashi 20 na dusar alkama ko ta shinkafa, a zuba ruwa a cakuɗa. Gwajin ruwan shi ne a damƙi haɗin a matse da ƙarfi: ya dunƙule, ruwa ya ɗan bayyana tsakanin yatsu, amma kada ya zuba. Sai a ɗura a leda mai kauri da ke jure zafi, kilo ɗaya zuwa biyu a kowace, a danna, a sa ɗan guntun bututu a bakin, a toshe da auduga don iska ta riƙa shiga ba tare da ƙura ba.

Dafa ledoji da zuba iri

Dusa abinci ce ga fumfuna kamar yadda take abinci ga shitake, kuma fumfuna ta fi shi sauri. Saboda haka dole a kashe duk abin da ke cikin haɗin kafin a zuba iri. Mai tukunyar nan mai riƙe tururi da matsi zai dafa ledojin awa biyu zuwa biyu da rabi. Wanda ba shi da ita zai iya amfani da gangar ƙarfe mai tsabta: a zuba ruwa a ƙasa, a ɗora katako ko waya a sama da ruwan, a jera ledoji, a rufe, a bar tururi ya yi ta ratsa su awa 12 ko fiye, ana ƙara ruwan zafi idan ya ja. Kada a like gangar gam, a bar wa tururi ƙofar fita, a kuma nisanta yara daga wurin.

A bar ledoji su huce sarai, domin zafi yana kashe iri. A zaɓi ɗaki mai tsabta, a rufe taga, a kashe fanka, a wanke hannu da sabulu, a goge hannu da cokali da bakin kwalba da sifirit. A buɗe leda, a zuba iri cokali uku ko huɗu, a mayar da auduga nan take. Ba a surutu a kan buɗaɗɗiyar leda. Mafi yawan asarar masu farawa a wannan 'yan daƙiƙu take faruwa.

Reno: wata uku na haƙuri

A jera ledoji a ɗaki mafi sanyi a gidan. Ɗakin ƙasa ya fi na kwano nesa ba kusa ba. A bar tazara tsakaninsu, domin farar saƙa tana fitar da ɗumin kanta, cikin leda yakan fi ɗakin zafi da digiri biyu ko uku. Ba a ba su ruwa a wannan lokaci, ba a kuma yawan taɓa su.

Za a ga matakai uku. Cikin kwana 30 zuwa 45 ledar za ta yi fari gaba ɗaya. A nan ne mutane ke gaggawar buɗewa, alhali da saura. Bayan haka jikin curin zai yi ƙulle-ƙulle kamar gugguru. Daga nan sai ya fara rikiɗa zuwa ruwan ƙasa, ya yi ɓawo mai ɗan tauri kamar na itace, wani lokaci har da ɗan ruwa mai kalar shayi a gindin leda. Wannan ɓawo shi ne rigar da za ta kare curin daga bushewa da fumfuna. Sai ya rufe mafi yawan jikin curin sannan a ce ya nuna, kuma hakan kan ɗauki mako 8 zuwa 12, wani irin ma ya fi haka. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Duk ledar da ta yi koren tabo, a fitar da ita daga ɗakin ba tare da an buɗe ba, a binne ta nesa. Koriyar fumfuna tana bin iska, leda ɗaya tana iya ɓata sauran.

Yadda ake tayar da tsiro

Idan curi ya nuna kuma sanyi ya shigo, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya. Sannan a haɗa masa abubuwa huɗu.

Na farko sanyi na bazata. A nutsa curin cikin ruwan sanyi mai tsabta na wasu awoyi, a danne shi da dutse don kada ya taso. Ruwan randa da ya kwana a waje cikin hunturu ya isa, idan kuma akwai ƙanƙara a jefa a ciki. Mai firij zai iya sa curin a ciki ya kwana. Wasu sukan ɗan mammare shi da tafin hannu, kamar yadda mutanen Qingyuan ke bugun gungume.

Na biyu laima. Shitake yana son iskar da ke kewaye da shi ta kasance da damshi sosai, wajen kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, kuma iskar hunturu akasin haka take. A yi ɗan rumfa a inuwa, a kewaye ta da buhunan algarara, a riƙa jiƙa su, a zuba yashi a ƙasa a jiƙa shi, a kuma yi wa curin feshin ruwa mai laushi sau biyu ko uku a rana. Ruwan da ke bushewa daga jikin buhu yana sanyaya cikin rumfar. Dabarar ɗaya ce da ta tukunya cikin tukunya, wadda Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan lambu, har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai curi biyu ko uku zai iya sa su cikin irin wannan babbar tukunya, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Na uku iska. Curi yana numfashi, kuma idan aka toshe shi sai naman kazan ya fito da doguwar ƙafa da ƙaramar hula. A riƙa ɗaga buhu safe da yamma.

Na huɗu haske. Ba ya son rana ta taɓa shi, amma duhu ƙirin ma ba ya yi masa. Hasken da mutum zai iya karanta takarda da shi ya wadatar.

Cikin kwana uku zuwa bakwai za a ga ƙananan kawuna masu ruwan ƙasa sun ɓullo. Wannan ne lokaci mafi haɗari, domin yini guda na busasshiyar iska yana ƙona su. Bayan mako guda ko kwana goma sai girbi. A cire shi lokacin da hular ta buɗe amma bakinta yana nan a lanƙwashe ciki, a yanke da wuƙa mai tsabta daga gindi. Bayan girbi a bar curin ya huta mako biyu zuwa uku ba feshi, sannan a sake nutsa shi a ruwan sanyi awa 12. Curi mai lafiya yakan ba da girbi uku ko huɗu, kowanne bai kai na baya ba.

Idan ya ƙi fitowa, a duba waɗannan: an buɗe shi tun yana fari? Daren wurin yana sauka ƙasa da digiri 20? Curin ya yi sakayau a hannu, alamar ya bushe? Ko kuwa ya jiƙe sharkaf yana wari? Wanda aka buɗe da wuri a ba shi ƙarin makonni cikin laima har ya yi ɓawo. Wanda ya bushe a nutsa shi. Wanda ya ruɓe kuwa sai a zuba shi a taki.

Hanyar gungume

A Japan, musamman a lardin Oita da ya shahara da busasshen shitake, har yanzu ana noma shi a gungumen itacen ok mai tsawon kamar mita guda. Ana huda ramuka, a cusa turakun iri, a jingine gungumen a inuwar daji. Yakan ɗauki wata 6 zuwa 18 kafin ya fara, amma sai ya yi shekara uku zuwa biyar yana bayarwa. Masu son ya tsiro a lokacin da suka zaɓa sukan nutsa shi a ruwan sanyi awa 24, su bar shi ya huta mako shida zuwa takwas kafin su maimaita. A ƙasashenmu na Sahel wannan hanya ba ta dace ba: gungumen ba zai tsallake bazara ba, gara ba za ta bar shi ba, kuma itatuwanmu ba su kai a sare su don wannan ba.

Abin da ya shafi lafiya

Shitake abinci ne mai kyau. Yana da sinadaran bitamin B, da harza mai taimakon hanji, ba shi da kitse sosai. Idan aka shanya shi a rana, ƙarƙashin hular yana kallon sama, yakan ƙara bitamin D mai ƙarfafa ƙashi. Yana shiga miyar taushe da dafa-duka da taliya, ƙafarsa mai tauri kuma a tafasa ta a romo. Amma abinci ne, ba ya maye gurbin maganin asibiti. Duk wanda ya ce muku yana warkar da ciwon daji ko ciwon suga, kada ku ajiye maganinku saboda maganarsa.

Ba a cin shitake ɗanye ko rabin dahuwa. Yana ɗauke da wani sinadari mai suna lentinan wanda ke sa wasu mutane ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi, a jere kamar shatar bulala a baya da ƙirji, kwana ɗaya ko biyu bayan an ci. Wani likitan Japan mai suna Nakamura ne ya bayyana wannan a 1977. Ƙurajen sukan tafi cikin mako ɗaya zuwa uku, amma a je asibiti a nuna. A dafa shi har ya yi laushi ciki da waje, aƙalla minti goma.

Idan hula ta buɗe sarai takan zubar da farar ƙurar iri, kuma yawan shaƙarta yana iya jawo tari da sarƙewar numfashi. Kada a yi rumfar a ɗakin kwana. Mai asma ya nisanci wurin, mai girbi kuma ya sa takunkumi. Kada a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari kusa da curi. Raga ce maganin ƙuda.

Gargaɗi mafi girma shi ne game da laimar kwaɗin daji da ke fitowa da damina. Noman shitake bai sa mutum ya zama masanin na daji ba. Wasu nau'o'in suna da gubar da tafasa ba ta kashewa, ba ta kuma da ɗaci ko wari. Mafi muninsu ba sa nuna alama sai bayan awa 6 zuwa 24: amai da gudawa, sai mutum ya ji kamar ya samu sauƙi, alhali hanta ce ke lalacewa. Wanda ya ci na daji, musamman yaro, a kai shi asibiti nan take tare da ragowar abin da ya ci, kada a jira alama. Haka nan idan wani baƙon abu ya tsiro a jikin curinku wanda bai yi kama da sauran ba, a cire a zubar. Rigakafi ya fi magani.

Ga masu niyyar sayarwa

Ɗanyen shitake ba ya wuce 'yan kwanaki in ba a firij ba, don haka busasshe ya fi dacewa da kasuwanninmu. A shanya shi a kan raga mai tsabta, nesa da ƙura, har ya riƙa karyewa ƙaras, a zuba a kwalba mai murfi. Mai saye zai jiƙa shi a ruwa na wasu awoyi kafin ya dafa, kuma haƙƙin mai sayarwa ne ya gaya masa cewa sai an dafa. Tun da jama'armu ba su saba da shi ba, a nemi mai saye kafin a zuba jari, kamar gidajen abincin 'yan Sin da manyan otel-otel na Kano da Abuja da Yamai.

A shekarar farko leda goma sun isa. A sami littafi a rubuta ranar zuba iri, ranar da leda ta yi fari, ranar da ta yi ɓawo, ranar nutsawa, da nauyin kowane girbi. A sayi ɗan ma'aunin zafi a rataye a ɗakin. Idan hunturu ya wuce, wannan littafin ne zai gaya muku ko ɗakinku da garinku sun karɓi shitake, da kuma ranar da ta dace ku zuba iri a damina mai zuwa.